Filin Makanikai: Fedar kuloci ta lafe a ƙasa, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tuƙa Golf 4 tsakanin Kawo da Kakuri. Kwanan nan in na daɗe da taka kuloci a cunkoso, sai feda ta riƙa zurarewa ƙasa, giya ta ƙi shiga sai na buga fedar sau uku ko huɗu. An ce in canza faifan kuloci. Ko haka ne? Direba, Unguwar Dosa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dakata da sayen faifai. Faifan da ya cinye ba ya warkewa don an buga feda. Duk abin da bugu ke gyarawa na ɗan lokaci, a layin man kuloci yake. Layin kuwa gajere ne: silindar sama da ke manne da feda, bututu da tiyo, sai silindar ƙasa da ke jikin giyabos, wato abin da ake kira kit ɗin sama da kit ɗin ƙasa a gareji.

Fara da buɗe bonet ka duba kofin mai. A Golf 4 birki da kuloci kofi ɗaya suke sha, kuma bakin tiyon kuloci ya fi na birki tsawo a jikin kofin. Da gangan aka yi haka, don in mai ya ragu kuloci ne zai fara shaƙar iska, birki ya tsira. Saboda haka in ka tarar man ya sauka, duba birkinka ma.

In mai yana raguwa, nemo inda yake bi. Leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila, ka shafa sandar da ta haɗa feda da silindar sama. In da danshi, ko kafet ya jiƙe, robar bayanta ta mutu. Sannan ka ɗage robar ƙura ta silindar ƙasa. Ya kamata ka same ta a bushe.

Amma bayaninka ya fi kama da yoyon ciki, wanda ba a ganin ko ɗigo. Taka feda rabi ka riƙe ta da ƙarfi daidai kamar daƙiƙa 30. In tana nutsewa a hankali alhali man kofi bai ragu ba, robar fistan na silindar sama ce ke barin mai ya koma baya. Kafin ka sa sabuwar roba, a duba cikin silindar. In ya yi zane ko tsatsa, roba ba za ta daɗe ba, gara a canza silindar gaba ɗaya. Mu dai ba ma son faci a silindar da ta zane, kuɗi biyu ake kashewa.

Bayan gyara sai a fitar da iska, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya taka feda ya riƙe, ɗayan ya sassauta ƙaramin notin silindar ƙasa, mai da kumfa su fito, ya ɗaure kafin a saki feda. A maimaita har kumfa ta ƙare, ana cika kofi kada ya sauka. Man birki nau'in DOT 4 wannan motar ke sha.

Tambaya: Da safe motata lafiya ƙalau, amma in na yi tafiya mai nisa a hanyar Zariya sai inji ya riƙa kuka mota ba ta ja. Wata biyu ke nan da canza silindar sama. Hajiya, Barnawa.

Amsa: Hajiya, a fara zargin saitin sandar feda. In an tsawaita ta fiye da kima, fistan ba ya komawa mazauninsa, sai ya toshe ƙaramin ramin da mai ke bi ya koma kofi. Mai ya yi zafi ya kumbura, ba mafita, sai ya riƙa danne kuloci kamar ƙafarki na kan feda. A danna fedar da yatsa: dole a ji ɗan wasa kafin ta yi tauri, a yawancin Toyota milimita 5 zuwa 15. In lokacin da take zamewa aka sassauta notin ƙasa, mai ya tsarto da kansa, to an kama ɓarawon. Tiyon da ya ruɓe ta ciki ma yana yin haka. Kada ki ja lokaci, zamewar nan ita ke ƙone faifai mai lafiya.

Tambaya: Man kuloci ya ƙare mini a hanya, wani ya zuba mini man giya. Akwai illa? Ɗalibi, Mando.

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Man giya da baƙin mai suna kumbura robobin da aka yi don DOT 3 ko DOT 4, ruwan sabulu da wasu ke zubawa kuma tsatsa yake kawowa. A zubar da shi yau, a wanke layin da sabon man birki, a canza robobi da tiyo. In kofin haɗe yake da na birki, kada motar ta hau titi sai an duba birkin. In kuma irin Opel Vectra ce mai silindar ƙasa a cikin giyabos, sai an sauke giyabos ɗin kafin a kai gare ta.