Amsoshin Tambayoyinku: Bos ɗin da Ya Doke Ka Daban, Wanda Ka Saya Daban

Wani matashi daga Zariya ya rubuto: “Na biya kuɗi na buɗe Shao Kahn a Mortal Kombat 11 don na tuna irin wahalar da ya ba ni a Mortal Kombat na 2011. Da na riƙe shi, kowa dukana yake yi. An cuce ni ne?”

Ba a cuce ka ba, ɗan'uwa, amma wanda ka saya ba shi ne wancan ba. Shao Kahn na 2011 bos ne, wato babban abokin gaba da aka gina don kwamfuta ta riƙe shi a ƙarshen wasa. Yana da sulke: kana dukansa, shi kuma yana ci gaba da kawo harinsa kamar ba a taɓa shi ba, kuma gudumarsa na cin jini fiye da kima. Da an ba mutum shi a haka, da ba wanda zai sake zaɓar wani. Shi ya sa yawanci bos ɗin da za a saka a hannun 'yan wasa sai an rage masa ƙarfi. Seth na Street Fighter IV da ya zo hannun mutane, jininsa na cikin mafi ƙanƙanta a wasan. Akuma na Street Fighter 6 jininsa 9,000 ne, alhali yawancin jarumai 10,000 gare su, Zangief ma 11,000.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saya. Waɗannan wasanni suna gudana ne a hotuna 60 cikin daƙiƙa ɗaya. Idon mutum da yatsansa suna bukatar wajen kwata na daƙiƙa kafin su mayar da martani, ita kuwa kwamfuta tana iya ganin maɓallin da ka danna nan take. Da haka Rugal na The King of Fighters '94 ya yi suna: kana tsalle, ya tare ka da harinsa mai suna Genocide Cutter. Tsoron da kake tunawa rabinsa na kwamfutar ne.

Nan gaba, kafin ka biya, ka duba lissafin motsin jarumin. Abin nema shi ne jinkirin da yake yi idan aka kare dukansa, wanda ake rubutawa da alamar - da yawan hotunan da yake makara. A Tekken, naushi mafi sauri hotuna 10 ne, don haka duk harin da aka rubuta masa -10 ko fiye za a rama maka kyauta. A Street Fighter 6 iyakar -4 ce. Street Fighter 6 ɗin ma yana da tikitin aron jarumi na awa ɗaya, ka gwada kafin ka saya. Shao Kahn ɗinka kuwa kada ka jefar da shi. Tazara yake so, gudumarsa doguwa ce. Idan ka bari aka matso jikinka, jinkirinsa zai kashe ka.

Wani mai gidan gem a Kano ya tambaya: “PS4 huɗu gare ni. Yara suna damuna in kawo Tekken 8 ko Mortal Kombat 1. Wanne zan saya?”

Malam, ko ɗaya. Dukansu ba su fito a PS4 ba. Cikin sababbin manyan nan, Street Fighter 6 na 2023 ne ke hawa na'urarka, da jarumai 18 a farko, kuma yana da tsarin Modern wanda yaro zai fitar da babban hari da maɓalli ɗaya, sai dai ƙarfin harin ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Ga gidan da ake biya a buga, mun fi ba ka shawarar Mortal Kombat 11 Ultimate, mai jarumai 37, da Tekken 7. Idan faifan na hannu ne, ka sa a gwada a gabanka ka ƙirga jaruman, domin ƙarin jaruman da ake buɗewa da lambar da ke zuwa a takarda, mai faifan na farko ya riga ya yi amfani da lambar. Ka kuma lura da yanki: ƙarin jarumin da aka saya da asusun Amurka ba zai buɗe a faifan Turai ba.

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta ce: “Wani yana sayar da filashi, wai gem ne mai jarumai sama da dubu, har da Ronald McDonald yana faɗa da Ryu. In saya wa ƙanena?”

'Yar'uwa, wannan M.U.G.E.N ne, injin haɗa wasan faɗa da Elecbyte suka fitar a 1999, kuma kyauta ne. Kuɗin filashi da wahalar kwafa kawai ya kamata ki biya. Jaruman masoya wasan ne suka ƙera su, kowa da gwanintarsa, shi ya sa tarin dubu yakan zama tsintsiya ba maɗauri: wani an yi shi da kyau, wani taɓawa ɗaya yake kashewa, wani kuma yana rufe wasan gaba ɗaya.

Jarumin barkwanci ba abin raini ba ne idan an san abin da ake yi. Capcom da kansu sun yi Dan Hibiki a 1995, mai riga ruwan hoda, wanda ƙwallon wutarsa ke mutuwa a gabansa, don tsokanar jaruman kamfanin SNK, abokin hamayyarsu. An raunana shi da gangan, amma yana bin dokar wasa, kuma gwani yana iya cin nasara da shi. Irin wannan za ki nema. Masu karya doka ne ke sa yaro ya ajiye wasan.

Gara ki haɗa masa ƙarami, jarumai 30 zuwa 40. Kowane jarumi jaka ce da ake sakawa cikin chars, sannan a buɗe data/select.def a rubuta sunan jakar a layinta a ƙarƙashin [Characters]. Idan bai bayyana ba, yawanci sunan jakar ne bai dace da na fayil ɗin .def da ke ciki ba. Sai a rubuta su biyun, sunan jaka, alamar /, sunan fayil. Ko kuma gurabe ne suka cika, sai a ƙara lambobin rows da columns, wato layukan gurabe, a system.def. Wanda aka yi don siga ta 1.1 sau da yawa ba ya tashi a 1.0, don haka ki ɗauki 1.1 ko Ikemen GO, wani injin mai karɓar jaruman M.U.G.E.N, wanda shi ma kyauta ne kuma ana bugawa ta intanet. Idan wani ya fi ƙarfin kowa, ki buɗe fayil ɗinsa na .cns ki duba [Data]: ma'aunin da aka saba shi ne life 1000, attack 100, defence 100. Ki mayar da lambobin haka. Idan har yanzu ba ya mutuwa, ha'incin yana can cikin rubutunsa, ki cire shi.

Kafin a buɗe komai daga filashin, a bi ta kansa da manhajar kashe bairos. Jarumi ba ya bukatar fayil mai .exe a jakarsa. In kin ga irinsa a cikin chars, ki goge jakar duka.