Wasan kalmomi a waya: ƙarin sani ne ko ɓata lokaci?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya ko wasannin haɗa kalmomi suna ƙara wa mutum sanin harshe, ko kuwa ɓata lokaci ne kawai. Suna ƙarawa, amma da sharaɗi.

Ni Wordle nake yi, wanda Josh Wardle ya fitar a 2021, jaridar New York Times ta saye shi a 2022. Kalmar Turanci ɗaya tak a rana, mai haruffa 5, gwaji 6 kake da shi don ka canke ta. In harafi ya yi kore, yana gurbinsa; in ya yi rawaya, yana cikin kalmar amma ba nan ne wurinsa ba. Abin da yake kwantar min da hankali shi ne, da ka gama shi ke nan, sai gobe. Ba ya cinye maka dare.

Sharaɗin kuwa, sau da yawa za ka canki kalma daidai alhali ba ka san ma'anarta ba. Don Allah kar ka wuce ta. Nakan buɗe ƙamus nan take, in rubuta ta a ɗan littafina, in gina jumla tawa da ita. Ranar da ban yi haka ba, kafin yamma ta ɓace min.

In hutu kake nema, ka guji wasanni masu agogon da ke ƙirga maka daƙiƙa.