Kuɗin Horon da Ka Biya Bai Sayo wa Ɗanka Aiki Ba

Barista, barka da aiki. Ɗana na biyu a Ayilan aka haife shi a 2001 ina karatu can, saboda haka yana da fasfonsu. Ya gama koyon tuƙin jirgi a Turai, ya samu lasisi, ya zauna wata 14 ba aiki. Bara wani kamfanin jirage masu arha ya kira shi, ya ci jarrabawarsu da ganawarsu, suka ce sun zaɓe shi amma sai ya biya kuɗin koyon jirginsu, A320, Yuro 30,000. Na sayar da filaye biyu muka biya 20,000. Ragowar 10,000 suka ce za a riƙa cirewa a albashinsa cikin shekara 3, ni kuma na sa hannu a matsayin garanto. Ya ci jarrabawar, har ya fara tashi da fasinja tare da kyaftin mai koyarwa. Bayan wata 4 suka ce bai kai yadda suke so ba, suka sallame shi. Yanzu ga wasiƙa wai mu biya 10,000 cikin kwana 30. Ni dai damfara na ɗauke ta: sun karɓi kuɗin aiki sun hana aiki. Ina so in kai su kotun ƙwadago nan Kano su dawo mini da kuɗina. Daga wani mahaifi a Kano.

Alhaji, barka kadai, Allah Ya mayar da alheri. Na cire sunan kamfanin daga wasiƙarka da gangan. Takardun da kuka sa wa hannu ba su gabana, don haka duk abin da zan faɗa na ɗora shi ne kan labarinka da kuma yadda irin waɗannan yarjejeniyoyi suka saba zuwa. Layi ɗaya a cikin takardarku na iya sauya rabin maganata.

Inda na fara tsayawa a wasiƙarka shi ne kalmar “kuɗin aiki”. Ina kyautata zaton babu takardar da ta kira shi haka. Yadda aka saba, sabon matuƙi kan sa hannu a takardu uku, kuma sau da yawa ba da kamfani ɗaya ba. Ta farko tayin aiki ce mai sharaɗi: mun zaɓe ka, in ka gama horo kuma mun gamsu. Ta biyu yarjejeniya ce da makarantar da za ta koya masa samfurin jirgin, abin da matuƙa ke kira taip retin. Ta uku ita ce kwangilar aikin kanta, wani lokaci ma da wani kamfanin ɗaukar ma'aikata daban. Je ka duba rasit ɗin 20,000 ɗin ka ga sunan wa ke kai. Mai yiwuwa na makarantar ne.

To, me makarantar ta yi alkawari? Karatun aji kan injin jirgin da na'urorinsa, awoyi a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, jarrabawa a gaban mai gwaji, sai tashi da sauka a jirgin gaske babu fasinja, wanda ga sabon shiga sau 6 ne a ƙa'idar Turai. Kai da kanka ka ce ya yi duk wannan ya ci. Shaidar tana rubuce a lasisinsa yanzu, kuma hukumar jiragen sama ta ƙasa ce ta rubuta ta, kamfani ba shi da ikon gogewa. Kwatanta da yaron da aka biya wa kuɗin koyon tirela, ya iya, ya karɓi lasisi, sai mai motar ya ɗora shi tare da babban direba zuwa Legas sau uku ya ce hannunsa bai yi masa ba. Za ka ji haushin mai motar, amma alƙali ba zai sa makarantar ta dawo da kuɗin koyarwa ba, tunda ta koyar.

Hanya ɗaya nake gani da 20,000 zai iya shigowa magana, kuma siririya ce: idan akwai rubutu daga wajensu, imel ko talla ko saƙon jami'in ɗaukar ma'aikata, da ya nuna aikin tabbas ne da zarar an biya. Nan ana iya cewa an ja ku da bayanin da ba gaskiya ba. Sai dai lauyoyin waɗannan kamfanoni ba yara ba ne. Kusan kullum akwai sakin layi da ke cewa biyan kuɗin horo bai lamunce aiki ba, da wani da ke cewa duk maganar da aka yi kafin sa hannu ta faɗi. Ɗanka ya binciki akwatin imel ɗinsa dai, ba a rasa abin mamaki, amma kada ka ɗora zuciyarka a kai.

Ba ina wanke tsarin ba ne. Kamfanonin arha na Turai sun daɗe da gane cewa samari masu lasisi da awoyin tashi 200 sun fi kujerun yawa, sai suka mayar da nauyin horo kan wuyan yaro da iyayensa. Ƙungiyar matuƙa ta Turai, ECA, ta shafe shekaru tana sukar irin wannan ɗaukar aiki. Amma rashin tausayi ba ya cikin abubuwan da ake kai ƙara a kai.

Maganar kotun Kano zan taƙaita ta. Gaskiya ne sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ƙwadago ta Ƙasa hurumin rigingimun aiki, kuma tana zama a Kano. Amma kwangilar nan a Turai aka ƙulla ta, a Turai aka yi aikin, kuma ina kyautata zaton akwai sakin layi da ya zaɓi dokar wata ƙasa da kotunanta. Kai kuma ba ma'aikacinsu ba ne. Ko da a Najeriya abin ya faru, sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ya fitar da ma'aikatan jirgin sama daga cikin waɗanda dokar ke kira ma'aikaci, sai dai su dogara da kwangilarsu. A ce ma ka samu hukunci, wace kadara tasu za ka kama a nan? Kuɗin lauya kawai za ka ƙona.

Sai batun kora. Zan ɗauka dokar Ayilan ce aka rubuta a kwangilar, tunda kamfanonin ɗaukar matuƙa da yawa can suke da rajista. A can, dokar kora ba bisa ƙa'ida ba ta 1977 tana neman mutum ya cika wata 12 yana aiki kafin ya shigar da ƙorafi, ban da 'yan wasu dalilai da aka keɓe. Wata 4 bai kai ko'ina ba. Amma ba ka faɗa mini garin da aka ajiye shi ba, kuma wannan na da nauyi. A Satumbar 2017 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar wasu ma'aikatan jiragen Ryanair da ke tashar Charleroi a Beljiyam, ta yanke cewa ma'aikacin jirgi na iya kai ƙara a ƙasar da ya saba yin aiki daga cikinta, kuma tashar da aka ajiye shi babbar alama ce, ko da kwangila ta ce Dublin. Idan a Italiya ko Sifen ko Polan yake kwana yake tashi, lauyan can ne zai gaya masa abin da dokar can ta tanada. Idan kuma yana da hujjar cewa launin fata ko addini ya shiga cikin hukuncin, dokar daidaito ta Ayilan ba ta neman wata 12, amma hujja nake nufi, irin saƙo ko shaida ko wani da ya samu maki irin nasa aka bar shi. Ƙorafi a gaban hukumar sasanta ƙwadago ta Ayilan, WRC, wata 6 ne wa'adinsa daga ranar da abin ya faru. Ku lissafa ranar tun yau.

Yanzu mu zo inda nake ganin kuna da abin riƙewa, wato 10,000 ɗin da suke nema. Nan ya kamata ƙarfinka ya tafi.

Ɗauko sakin layin da ya yi maganar ragowar kuɗin ku karanta shi kalma bayan kalma. Wasu yarjejeniyoyin cewa suke matuƙi zai biya idan ya ajiye aiki ko aka kore shi kan laifi. Wasu kuma cewa suke idan aikin ya ƙare ko ta wane dalili. Ɗanka bai ajiye aiki ba, kuma gaza kai mataki a horo ba laifi ba ne. Idan irin ta farko ce, bashin ma bai faɗo ba. Idan lafazin na iya ɗaukar ma'ana biyu, ƙa'ida ce tsohuwa, a nan da can, a fassara shi ba don amfanin wanda ya rubuta ba. Idan irin ta biyu ce, to akwai nauyi a kanku, sai dai a yi maganar adadi. Raba 10,000 cikin wata 36, ka samu kusan Yuro 278 a wata. In sun cire na wata 4, sama da 1,100 ya riga ya fita, to me ya sa wasiƙar ta ce 10,000 cif? Ko wanda ya rubuta bai duba ba, ko ya ɗauka ku ba za ku duba ba. Ya kuma duba takardar albashinsa ta ƙarshe. In sun riƙe albashin gaba ɗaya da sunan bashi, dokar biyan albashi ta 1991 ta Ayilan ta taƙaita abin da ake iya cirewa, kuma ita ma ba ta neman wata 12.

Abu na biyu da zai ba ku bakin ciniki shi ne yadda aka sallame shi. Kowane kamfanin jirgi a Turai yana da kundin aiki da hukuma ta amince da shi, kuma kashinsa na huɗu kan horo yake. Yawanci a can ake rubuta abin da za a yi wa ɗalibin da ke tangal-tangal: ƙarin tashi, canza masa mai koyarwa, zaman bita kafin a yanke hukunci. An yi masa waɗannan? Ba sai ya yi ta zato ba. Sashe na 15 na dokar kare bayanai ta Turai, GDPR, ya ba shi damar neman kwafin bayanan da suke riƙe da su a kansa, kyauta, kuma wata guda ne wa'adin amsa. Ya rubuta musu gajeriyar wasiƙa ya nemi fayil ɗin horonsa, rahoton kowane tashi da sa hannun kowane kyaftin. Ka shirya zuciyarka, domin fayil ɗin na iya nuna kyaftin biyar daban-daban duk sun rubuta matsala ɗaya, misali saukar jirgi. In haka ne gara ku sani. In kuma ya nuna rahotanni masu kyau sai kwatsam mutum ɗaya ya ƙare masa, ko an tsallake matakin da kundinsu ya shimfiɗa, to kamfani ba zai so wannan ya je gaban kowa ba.

Kai kuma, garanto, kada ka yi watsi da wasiƙar, kada kuma ka biya ko kwabo ko ka rubuta musu cewa ka yarda da bashin kana neman sauƙi. Na san halinmu na son a rabu lafiya, amma irin wannan saƙon shi za a fara ɗagawa. Su biyo ka har Kano da hukuncin kotun waje abu ne mai yiwuwa a doka, sai dai tsadarsa za ta iya fin bashin. Ɗanka ne a kusa da hannunsu, kuma shi ke da abin asara.

Shi ya sa sulhu nake ba ka shawara, ba don tsoro ba. Ƙarar Yuro 20,000 a Ayilan ta wuce ƙaramar kotu, wadda iyakarta 15,000 ne, kuma a can wanda ya faɗi shi ya saba ɗaukar kuɗin lauyan abokin shari'a. Fili na uku kenan. Dokar sasanci ta 2017 ma ta wajabta wa lauyan can ya yi maka maganar sasantawa kafin ya shigar da ƙara. Idan yaron ya shiga ƙungiyar matuƙa, kamar IALPA ta Ayilan, ya fara da su. In bai shiga ba, a biya lauyan ƙwadago na can na awa ɗaya ko biyu ya karanta takardun ya rubuta wasiƙa guda, irin wadda ake sa wa alamar cewa ba za a kafa hujja da ita a kotu ba.

Abin da wasiƙar za ta nema bai da yawa. A yafe ragowar, ko a rage ta a raba biya, a kuma sake ka daga garanto a rubuce. A tabbatar masa da awoyin da ya tashi a littafinsa da hatimin kamfani. A ba shi takarda da ta faɗi ranar da ya fara da ranar da ya bari, ba tare da sharhi ba. Kada ka raina wannan ta ƙarshen: kafin a ba shi katin shiga filin jirgi a kowace ƙasar Tarayyar Turai sai an bi tarihinsa na shekara 5, kuma kamfani na gaba zai tuntuɓi wannan. Saboda haka a gaya wa 'yan uwa su ajiye Facebook, kada wani ya rubuta sunan kamfanin da kalmar damfara.

Sauran masu karatu da ke tunanin wannan hanya ga 'ya'yansu su lura da wani abu a labarin nan: yaron na da fasfon Ayilan saboda an haife shi kafin 2005, shekarar da suka daina ba da ɗan ƙasa don haihuwa kawai. Kamfanonin nan suna neman wanda ke da izinin zama da aiki a Turai tun kafin jarrabawa. Dillalin da ya ce ka biya kuɗin horo shi zai gyara maganar biza, ka riƙe kuɗinka.

Akwai agogo ɗaya da ke tafiya wanda ba na kotu ba, Alhaji. Shaidar A320 ɗin shekara guda take yi, sai an sabunta ta da gwaji a na'urar kwaikwayo. In ta mutu sai ya koma makaranta an duba ko yana bukatar ƙarin horo, wani kuɗin kenan. Ya duba ranar a lasisinsa yau, ya ci gaba da tura takardun neman aiki tun tana raye, domin jirgin na cikin waɗanda suka fi yawa a duniya kuma yana da awoyin fasinja da bai da su bara. Ka turo mini hoton sakin layin ragowar kuɗin, da takardar garanto, da ranar da ke kan wasiƙar sallama, kafin kwana 30 ɗin su cika.