Ku Tambaya Mu Amsa: Su Wane ne Manyan Mazauna Lakwaja a Zamanin Turawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kwanakin baya na bi ta Lakwaja a kan hanyata ta zuwa Kudu, sai direbanmu ya ce mana akwai kabarin wani Sarkin Kano a garin. Shin gaskiya ne? In haka ne, me ya kai shi can, kuma su wane ne sanannun mutanen da suka zauna a garin a zamanin Turawa? Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Direban naku bai yi ƙarya ba, amma kafin mu kai ga sarkin sai mun fara da yadda garin ya kafu, domin Lakwaja ta zamanin Turawa gari ne na baƙi, waɗanda wasu ruwa ya kawo su, wasu kasuwa, wasu kuwa ƙarfin bindiga. Tana gindin dutsen Patti, daidai inda Kwara da Binuwai suka haɗu, kuma tun kafin zuwan Bature akwai mutanen Oworo da sauran ƙabilu a yankin.

Wanda ake jingina wa kafa zangon Turawa a wurin shi ne William Baikie, likitan sojan ruwa ɗan ƙasar Sukotland. A 1854 ya jagoranci wani jirgi ya haura Binuwai, ya tilasta wa mutanensa shan kwinin kullum, suka dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe, alhali a wata tafiya da aka yi a 1841 zazzaɓin ya yi wa Turawa kisan kiyashi a kogin Kwara. Da ya sake dawowa a 1857 jirginsa ya daki dutse ya nutse kusa da Jebba, amma maimakon ya koma gida sai ya nemi iznin Etsu Nupe Masaba ya kafa zango a mahaɗar kogunan, wajen 1860. Nan ya zauna shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne mai sasanta fatake, yana fansar bayi yana zaunar da su. Ya koyi Hausa har ya fassara wasu sassa na Baibul da ita, ya kuma yi tattaki zuwa Kano a 1862, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Bai sake ganin ƙasarsu ba, domin a Saliyo ya mutu a ƙarshen 1864 yana kan hanyar komawa.

Akwai kuma Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka kama bawa yana yaro, aka 'yanta shi a Saliyo, ya zama bishop a 1864. Mishan ɗinsa ne ya buɗe makaranta a Lakwaja a 1865, wadda ake lissafa ta a matsayin makarantar firamare ta boko ta farko a Arewa.

Amma a ganina wanda labarinsa ya fi ban mamaki, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne Abbega, wanda mutanen garin suka fi sani da Abigel. Bamarge ne da aka sayar da shi bawa yana yaro, wani Bajamushe mai yawon bincike ya 'yanta shi a Barno tare da wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu. Da Bajamushen ya mutu sai suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, suka bi shi har Tambutu, sannan ya tafi da su Ingila a 1855. Dorugu ya daɗe can yana taimaka wa malamin mishan Schön wajen rubuta Hausa, daga baya ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Shi kuwa Abbega ya dawo ya yi aikin tafinta a bakin Kwara, kuma a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da Kamfanin Neja, wato kamfanin cinikin Turawan Ingila, ke riƙe da garin, aka naɗa shi sarkin Lakwaja. Yaron da aka taɓa yi wa ciniki a kasuwa, shi ne ya wayi gari ana faɗuwa ana gaishe shi.

Yanzu sai sarkin da ka tambaya. A Lakwaja ne, ranar 1 ga Janairu 1900, aka sauke tutar Kamfanin Neja aka ɗaga ta Ingila a gaban Lugard, kuma ko da hedikwata ta tashi zuwa Jebba, sannan Zungeru, garin ya ci gaba da zama barikin soja. Saboda haka Turawa suka mai da shi wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe, tunda ga shi nesa da jama'arsu, ga soja a kusa. Sarkin Kano Aliyu Babba, wato Alu Maisango, yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato lokacin da Kano ta faɗa hannun Turawa a watan Fabrairun 1903. Aka kama shi a ƙasar Gobir, aka fara kai shi Yola, daga nan aka dawo da shi Lakwaja, inda ya zauna har Allah ya karɓi ransa a 1926. Ke nan shekarun da ya yi a tsare sun ninka waɗanda ya yi a kan gadon sarauta, tunda a 1894 ya hau.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Etsu Nupe Abubakar na Bida, akwai kuma sarakunan Zazzau har biyu, waɗanda labarinsu abin lura ne. Muhammadu Kwasau shi da kansa ya nemi taimakon Turawa sa'ad da Sarkin Sudan na Kontagora ya matsa wa ƙasarsa, amma bayan Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ke ƙarƙashin Zazzau, ya kashe Bature Kyaftin Moloney a 1902 sai Turawa suka juya wa Kwasau baya, suka tuɓe shi, ya rasu a Lakwaja a 1907. Wanda suka naɗa a madadinsa a 1903, Aliyu ɗan Sidi, malami ne kuma fasihin marubucin waƙoƙi, sai ga shi a 1920 shi ma an cire masa rawani an bi da shi hanyar da aka bi da Kwasau, ya rasu can a 1924. In ka sake ratsawa, ka tambayi unguwar Kabawa, nan za a nuna maka kaburburan.

Tambaya: Malam, an ce a kan dutsen Patti matar Lugard ta tsaya tana kallon kogi ta raɗa wa ƙasar nan suna Najeriya. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ɗiyata, rabin maganar gaskiya ne. Flora Shaw ce ta ba da shawarar sunan, amma a wata maƙala da ta rubuta a jaridar The Times ta Landan cikin Janairun 1897, lokacin tana 'yar jarida, ba ta ma auri Lugard ba. Sai a 1902 aka ɗaura musu aure, sannan ta zo ƙasar nan, wato shekara biyar bayan sunan ya riga ya fito a takarda.