Likita, fim ya sa ina tsoron kai yarana asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan tireda ne a Jega, yarana huɗu. Na kalli wani fim ɗin Hausa, aka ce wa uba sai ya kawo kuɗi za a taɓa ɗansa. Ya je ya sayar da gona, kafin ya dawo yaro ya cika. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ni dai in zazzaɓi ya kama yaro, kemis nake kai shi a yi masa allura, don asibiti ya fi ƙarfina. Anya ina sauke nauyin da ke kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya zuri'a. Abin da ka gani yana faruwa. Na sha ganin magidanci tsaye a ƙofar ɗakin yara, takardar magani a hannu, aljihu babu ko sisi. Sai dai masu fim ranar ƙarshe suke haskawa, don ita ke sa mai kallo hawaye. Ba sa nuna kwana huɗu ko biyar da yaron ya yi a ɗaka, jiki kamar garwashi. A waɗannan kwanakin ne kuɗin yake taruwa.

Allurar kemis ɗin nan da kake gani sauƙi ce, wallahi ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai na gamu da ita. Mutum bai gwada jinin yaro ba, bai auna nauyinsa ba, ya ce "maleriya da taifod ne", ya zuƙo ruwa biyu ya soka masa a ɗuwawu. Da yamma jiki ya yi sanyi, uba ya ce mai kemis ya iya aiki. Zafin ne kawai ya sauka, ƙwayar cutar tana nan tana fasa jini. Bayan kwana uku a kawo mana yaro tafin hannu fari fat, yana jijjiga, sai ƙarin jini, sai kwanciya. To nan ne ake sayar da akuya ko gona. Akwai kuma yaran da ke jan ƙafa har yau, saboda allura ta taɓa jijiya. Wa ya ce allura ta fi ƙwaya ƙarfi? Maleriyar da ba ta yi tsanani ba, a ɗiga jinin yatsa, cikin minti 20 sakamako ya fito, a sha ƙwayoyin maganin maleriya da ake kira ACT sau shida cikin kwana uku, a shanye duka ko da yaro ya miƙe yana wasa. Allurar atesunet ta mai tsanani ce, a asibiti, kuma ko ita sai an bi ta da ƙwayoyin.

Ka tuna a ina muke. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya samu cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, babu jihar da ta kai mu. Shi ya sa a Disamban 2024 aka fara rigakafinta da Kebbi da Bayelsa: ana yi wa yaro yana ɗan wata 5, 6, 7, sai 15, kyauta. Maganin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina, na 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara biyar, shi ma kyauta ne, kada a mayar da masu rabon daga zaure. Ka kuma je asibitin mazaɓarku ka tambayi rajistar KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ko da za ta ci maka zirga-zirga.

Kai makiyayi ne a gidanka, kuma za a tambaye ka. Yau ɗin nan ka ba uwargida izini na dindindin, ka bar mata kuɗin mashin da na kati. In yaro ya ƙi nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko barci ya ƙi sakinsa, ta fita da shi nan take, ka same su can.