Kafin ka zama Pat Mills, kawo min takardar nan in gani

Ɗana, saƙonka ya shigo tun shekaranjiya da dare, kuma na gan shi. Abin da ya sa ban amsa ba, layin ƙarshe da ka rubuta ne ya hana ni barci. Tambaya uku ka jero min. Wai ta yaya Baturen nan Pat Mills ya tashi daga marubucin labarin zane ya zama edita, har ake kiransa ubangidan sana'ar a Ingila. Wai gida nawa ya kamata a raba shafin zane. Sannan can ƙasa, kamar abin da bai dame ka ba, ka ce wani mai kamfani ya ga labarinka na yarinyar nan mai tallan fura, zai biya ka sau ɗaya, ka sa masa hannu a wata 'yar takarda, shi ke nan.

Maganar raba shafi kada ka ƙara kawo min ita. Shekara biyu kana zaune gefen teburina kana fiƙe min fensir. In har yanzu idonka bai gaya maka inda shafi ya cushe da inda ya yi fili ba, to ba bakina ne zai gaya maka ba.

Shi Mills da kake so ka zama, a 1949 aka haife shi, kuma ba daga kujerar edita ya fara ba. Ƙaramin ma'aikaci ne a kamfanin buga mujallu na D. C. Thomson da ke Dundee a Sikotlan, yana gyaran rubutun wasu, yana datse maganar da ta yi tsawo, babu wanda ya san sunansa. Can ya haɗu da John Wagner. A 1971 ya ajiye aikin albashi, su biyun suka koma wata 'yar rumfa a bayan gida suna rubuta labarai suna aika wa kamfanin IPC na Landan. Ka san me ya fi rubutawa a lokacin? Labaran 'yan mata, irin na mujallun Tammy da Jinty. Marayu, muguwar riƙo, yarinyar da aka zalunta a makaranta. Ku 'yan yanzu in aka ce ku rubuta irin wannan sai ku ɗaga hanci, ku dai jarumi mai riga da ke tashi sama. Alhali a nan mutumin ya koyi yadda ake riƙe zuciyar mai karatu har ya ƙosa mako ya zagayo.

Da D. C. Thomson suka fito da mujallar yaƙi mai suna Warlord a 1974 ta karɓu, sai IPC suka kira Mills da Wagner su haɗa musu kishiyarta. Ita ce Battle da ta fito a 1975. Shekara na zagayowa ya kafa Action, wadda ya cika da jini da tsageranci, har da wani kifin shak mai cin mutane da yara suka fi so fiye da mutanen da yake ci. Jaridu suka yi caa, masu shaguna suka tsorata, a watan Oktoba na 1976 kamfanin ya janye ta daga kasuwa, daga baya ta dawo an zare mata haƙora. Da wani ne, da ya zauna yana kuka. Shi kuwa sai ya lura cewa in mutum-mutumin ƙarfe ko dodon wata duniya aka sare wa kai, iyaye ba sa ɗaga murya kamar in ɗan Adam ne. Da wannan wayon aka gina 2000 AD, wadda ta fito a watan Fabrairu na 1977 a kan kwabo 8 na Ingila, kuma har yau ana buga ta.

To ga amsar tambayarka. Mujalla uku cikin shekara uku, kuma kusan kowane labari da ke fitowar farko ta 2000 AD ya bi ta hannunsa, wani ya rubuta, wani ya warware ya sake ɗinkewa. Aikin edita ke nan: ka karɓi rubutun abokinka ka ce masa bai yi ba, ka jure fushinsa, ka kwana kana gyarawa, a buga a yabe shi. Ba shi ne ka buɗe shafi a Facebook ka rubuta Babban Edita a ƙarƙashin hotonka ba, kana da labari ɗaya tal da ba ka ma gama ba. Ina ganin abokanka. Kowa shugaban kamfani, babu mai iya cika shafi takwas a mako.

Amma ba don wannan na zauna rubuta maka ba. Ka tambayi kanka wa ya mallaki abin da mutumin nan ya ƙirƙira a waɗancan shekaru. A zamanin, kamfanonin Ingila ko sunan marubuci da mai zane ba sa bugawa a kan labari, don kada a san su wani ya zo ya ɗauke su da kuɗi mai tsoka. Sai da Kevin O'Neill, wanda ke ɗakin zanen 2000 AD, ya fara cusa sunayen a 1977. Ana biyanka a kan shafi, sau ɗaya, mallakar kuwa ta kamfani ce har abada. Dubi Judge Dredd, fitaccen jarumin 2000 AD. Wagner ya ƙago shi, Carlos Ezquerra ɗan Sifen ya zana masa kama, Mills ya ba da sunan ya kuma raine shi. Kafin ma mujallar ta fito Wagner ya yi fushi ya tafi na ɗan lokaci, saboda cinikin da zai ba su kaso a cikinta ya rushe. Da Dredd ya bayyana a fitowa ta biyu, zanen Mike McMahon aka sa, Ezquerra ya ji haushi shi ma ya koma Battle. An yi fim a kan Dredd a 1995, an sake yin wani a 2012. Kamfanin Rebellion ya sayi mujallar 2000 AD a shekarar 2000, da mafi yawan jaruman da ke cikinta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ni ban karanta wannan a littafi kawai ba, a jikina na ji shi.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, kana goye ko ma ba a haife ka ba. Ni da wani abokina mai zane, Allah ya jiƙansa, muka ƙago wani yaro ɗan dako mai tura baro a kasuwa. Ba zan faɗi sunan yaron ba, don har gobe in na furta shi sai na ji abu ya tokare min ƙirji. Yaro ne mai baki, ga talauci ga rashin tsoro, kullum yana cikin rigima da dillalai da masu karɓar haraji, kullum kuma sai ya kuɓuta da ƙyar. Wata uku na yi ina zama a bakin kasuwa ina shan rana don in ji yadda 'yan dako ke magana in Alhaji ya juya baya. Abokina kuwa sau ya fi arba'in yana zana fuskar kafin mu yarda da ita. Akwai wata 'yar gibi a haƙorinsa da hula da ta fi kansa girma. Da ka gan shi ka san shi.

Muka kai wa wani mai maɗaba'a da ke fitar da mujallar yara. Mutum mai fara'a, ga carbi a hannu, in ka je sai ya sa an kawo maka lemo. Ya ce min ƙanena, wannan abu naku ne, ni hanya kawai zan ba ku. Muka fara. Kafin shekara mujallar da ake mayar masa da rabinta ta koma ba ta kwana a hannun masu talla. Yara na tare ni a layi suna tambaya me zai faru da ɗan baro. Duk wata yana ba mu kuɗinmu a hannu, in sa hannu a littafin rasit, in kai wa abokina rabonsa. Babu gardama ko sau ɗaya.

Sai ana saura kwana huɗu Babbar Sallah. Matata ta haihu ba a fi mako biyu ba, na yi ragon suna da bashi, ga na layya ya taso. Na je wurinsa neman ya ba ni na wata biyu gaba. Bai ko yi jinkiri ba. Ya buɗe durowa ya ƙirgo, har da ƙari a kai wai goron Sallah. Sannan ya turo min takarda shafi biyu da Turanci, bugun tafireta, ya ce akawunsa ne ya matsa masa, wai masu binciken haraji na son shaidar cewa ana biyanmu. Ya ce in sa hannu a madadin mu biyun tunda ni ke karɓa, abokina ya zo ya sa nasa bayan Sallah. Ina jin Turanci, kada ka ɗauka jahilci ne. Na karanta layin farko, na ga sunana da adadin kuɗin daidai, ana ta kiran la'asar, kasuwar raguna na neman tashi. Kuma kunya. Mutum ya cika maka aljihu, ka tsaya kana bin takardarsa layi-layi a gabansa kamar kana zarginsa? Na sa hannu. Bayan Sallah ni da kaina na ja abokina na kai shi ya sa nasa, ina ce masa ba komai ba ne.

Wata shida bayan nan ɗiyata ta dawo daga makaranta da sabon littafin rubutu. A bangon, ɗan baro ne yana dariya da gibinsa. Na juya baya, babu sunana, babu na abokina. Kwana biyu sai ga shi a kalanda, sai ga shi a jikin ledar wani biskit. Na tafi maɗaba'a ban ko karya ba. Wannan karon babu lemo. Ya bar ni a tsaye, ya fito da takardar, ya ɗora yatsa a shafi na biyu, sakin layi na uku. Mun sallama masa yaron, da sunansa, da kamanninsa, da duk labarin da aka yi da wanda za a yi, a kowace irin siffa, a kan kuɗin da bai kai na rago biyu ba. Ya ce ƙanena, ai ciniki muka yi, kuma kai mai ilimi ne.

Na je wurin lauya. Ya karanta, ya cire gilashinsa, ya ce min abin da har yau yake cina: da ban sa hannu ba, da doka na bayana, domin haƙƙin mallaka ba ya barin hannun mai shi sai da rubutu. Wato shekara guda da rabi mutumin yana ba ni lemo yana jiran ranar da zan zo masa a matse. Ban mantawa na biya lauyan kuɗin shawara da sauran canjin da nake da shi.

Ya kore mu, ya ɗauko wani yaro ya ba shi rubutun. Cikin fitowa uku yaron ya sa ɗan baro ya tsinci jakar kuɗi ya sayi mota. Ɗan baro da mota! Wa zai ƙara jin tausayinsa? Kafin shekara labarin ya mutu, shi dai Alhaji ya ci gaba da sayar da fuskar a bangon littattafai. Ainihin zanen da abokina ya yi da hannunsa, sama da shafi ɗari, na roƙa a ba mu ko don tarihi, aka ce suna sito. Daga baya wani ma'aikacin wurin ya gaya min ruwa ya shiga siton da damina, abin da ya saura aka ba mai tsire. Abokina bai taɓa zagina ba, da ma ya zage ni. Ya daina labarin zane, ya koma rubuta allon shaguna da zanen bayan manyan motoci. In mun haɗu mu gaisa, ya tambayi iyali, ya wuce. Haka har ya rasu.

Shi Mills ya fi ni taurin kai, shi ya sa ya daɗe. Bayan 'yan watanni ya miƙa wa Kelvin Gosnell kujerar 2000 AD ya koma rubutu. A 1979 suka fara Charley's War da mai zane Joe Colquhoun, labarin yaro ɗan shekara 16 da ya yi ƙaryar shekarunsa ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka jefa shi fagen Somme, inda a ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai sojan Birtaniya kusan 20,000 suka mutu. Labari ne mai tsine wa yaƙi a cikin Battle, mujallar da ke cin abinci da yaƙi, kuma ni a ganina bai taɓa rubuta abin da ya fi shi ba. Sai da ya bi wasiƙun sojoji da littattafan tarihi kafin ya ɗora alƙalami. Kai kuwa ka rubuta mai tallan fura, na tabbata ba ka taɓa tambayar ko ɗaya nawa take komawa da shi gida ba. Daga baya ya yi Nemesis da O'Neill, ya yi Sláine a 1983. Da ya gaji da noma gonar wani, shi da O'Neill suka kai labarin Marshal Law Amurka a 1987, inda aka bar musu mallakarsa. A 1991 ya shiga kafa mujallar Toxic! don marubuta da masu zane su riƙe abinsu, ta yi fitowa 31 ta durƙushe, domin riƙe mallaka daban, iya fitar da mujalla duk mako daban. Bai haƙura ba, ya juya Faransa, inda ake ɗaukar labarin zane a matsayin littafi mai daraja, suka fara Requiem da Olivier Ledroit a 2000. Ya haura saba'in yana ta faɗa a kan kason da ake ba masu ƙirƙira.

Saboda haka kada ka sa hannu. Kada kuma ka tura masa cikakken zanen ta waya wai ya duba, na san halinku da gaggawa. Ka ce masa maigidanka zai gani tukuna, in ya ɓata rai ka gaya min irin ɓacin ran da ya yi. Ranar Asabar bayan azahar ina shago, ka zo da takardar gaba ɗayanta, ba hoton shafin farko ba. Ka haɗo min da rulata ta ƙarfe da ka ɗauka tun watan jiya.