Me ya haɗa cajin waya da caji ofis?

Tambaya: Malam, wai cajin waya da caji ofis kalma ɗaya ce ko dai suna ne ya zo ɗaya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗaya ce ɗana, kuma asalinta ba ruwanta da wuta balle ɗan sanda. Charge ta Turanci aro ce daga Faransanci, ta shiga Ingila ne bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066, shi kuma Faransanci ya gado ta daga Latin, carricare, wato loda wa keken kaya, shi keken sunansa carrus. Can ne car da cargo da carry suka fito, duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Har gobe in Bafaranshe zai yi wa mota lodi charger zai ce, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san wannan.

To ka riƙe kaya a ranka, sauran duk za su warware. In aka yi maka kuɗin aiki an ɗora maka kaya, shi ne za ka ji mutum yana ƙorafi wai banki ya caje shi. In aka tuhume ka an ɗora maka laifi, ofishin da ake rubuta tuhumar shi ne caji ofis. Wanda aka damƙa wa ragamar wuri ma Bature cewa yake yana in charge, ai nauyi ne aka aza masa. Mu ma haka muke yi, ba ma cewa an ɗora masa nauyi?

Na wuta shi ne ɗan auta. Da can albarushin da ake ɗura wa bindiga shi ma charge ne, ɗuri ke nan irin na maharbanmu. Da masana suka fara tara lantarki a kwalba wajen 1745 sai suka ga ai ɗuri ne wannan ma, suka ari kalmar. Benjamin Franklin na Amurka ya jera kwalaben ya kira su battery, sunan jerin igwa a fagen yaƙi, ga batir ɗinka nan. Kai dai duk dare ɗuri kake wa wayarka ba ka sani ba.

Amma don Allah ku bar rubuta chaji. Jiya na wuce wata rumfa an rubuta CHAJIN WAYA da jan fenti ƙato-ƙato, mai rumfar ko a jikinsa. Harafin c shi kaɗai ya wadatar, haka muke rubuta ciki da cokali, wannan h ɗin cin tawada kawai take.

Tambaya: Lodi Hausa ce?

Amsa: Aro ce daga load, amma ta zauna, je ka tasha ka ji.

Tambaya: Kaya ya tsinke a gindin kaba, na ji wata ta faɗa da aka yi mata sata. Daidai ne? Daga wata baiwar Allah a Katsina.

Amsa: A'a Hajiya, ta juya shi. Da kaba ake tufka igiya, wanda ɗaurinsa ya tsinke a gindinta ai ya yi sa'a, miƙa hannu kawai zai yi. Ana faɗarsa ne in matsala ta zo daidai inda maganinta yake. Ita wadda aka yi wa sata jaje za a yi mata.